Abu Raihan al-Biruni, Malamin da Ya Auna Duniya Don Ya Daidaita Alƙibla



Musu a kan siffar ƙasa tsohon musu ne, kuma har yau bai kwanta ba. Akan ji shi a majalisun hira bayan sallar isha'i, a nan Bani Malik da can gida. Wani ya ce ƙasa a shimfiɗe take kamar tabarma, domin haka idonsa ya nuna masa, haka kuma ya ji a wurin tafsiri. Wani ya ce a dunƙule take kamar ƙwallo, domin haka aka koya masa a makarantar boko. Yawanci akan tashi kowa yana riƙe da nasa, har wasu su ɗauka cewa maganar dunƙulewar ƙasa baƙuwa ce da Turawa suka zo mana da ita. Tarihin da ke tafe na wani malami Musulmi ne da ya rayu shekara dubu da suka shige, wanda ya hau dutse da ma'auni a hannunsa, ya auna lanƙwasar doron ƙasa, ya fitar da girman duniya da lissafi. Daga cikin manyan dalilan da suka sa shi wannan wahala akwai son ya san inda Makka take daga garin da yake zaune, domin masallatai su fuskanci Ka'aba daidai.

Haihuwarsa da tasowarsa

Sunansa Muhammadu ɗan Ahmadu, ana yi masa alkunya da Abu Raihan. An haife shi a watan Zulhajji na shekara ta 362 bayan Hijira, daidai da Satumba ta 973 Miladiyya, a bayan garin Kath, babban birnin ƙasar Khuwarizm a gaɓar kogin Jaihun, cikin ƙasar Uzbekistan ta yau. Kalmar birun a Farisanci tana nufin waje, saboda haka laƙabinsa yana nuna mutumin bayan gari ne, kamar yadda Kanawa ke bambanta ɗan birni da ɗan waje. Garin da ke wurin a yanzu sunansa aka sa masa.

Allah ya haɗa shi tun yana yaro da Abu Nasr Mansur ɗan Ali ɗan Iraƙ, ɗan gidan sarautar Khuwarizm, wanda kuma yana cikin manyan masana lissafi da falaki na zamaninsa. A hannunsa ya karanci handasa da littafin al-Majisti na Batlamus, wanda shi ne uwar littattafan falaki a lokacin. Harshen da ya tashi da shi na Khuwarizm ne, sai ya ƙware a Larabci da Farisanci, ya kuma zaɓi Larabci ya zama harshen da zai rubuta iliminsa da shi.

Yana da kimanin shekara 17 ya ɗauki wani zobe mai zanen digiri, ya auna tsawon da rana ke kaiwa a sama da tsakar rana, ya fitar da matsayin garinsu tsakanin kudu da arewa. Kafin ya kai 25 ya ƙera rabin ƙwallo mai faɗin kamu 10, yana zana garuruwa a kansa gwargwadon nisan da matafiya suka faɗa masa. Wannan ɗabi'a da ya taso da ita, ta gwada abu da hannunsa kafin ya gina hukunci a kansa, ita ce ta bi shi har tsufa.

Shekarun tashin hankali

A shekara ta 995 yaƙi ya ci gidan sarautar da ya raine shi. Sarkin Jurjaniyya ya kama Kath, aka kashe sarkinta, al-Biruni ya gudu ya bar kayan aikinsa. Ya zauna a Rayyu, kusa da Tehran ta yau, cikin talauci da ƙasƙanci irin na baƙon da ba shi da majingina. Duk da haka a can ya sadu da al-Khujandi, masanin da ya gina wani ƙaton ma'aunin rana a bayan garin, ya nazarci ginin, ya rubuta bayaninsa.

Bayan shekara biyu ya koma Kath, ya yi wani aiki da ya cancanci a tsaya a kansa. Ya shirya ta wasiƙa da Abul Wafa al-Buzjani, dattijon masana lissafi na Bagadaza, cewa su dubi husufin wata na ranar 24 ga Mayu 997, kowa a garinsa, kowa ya rubuta sa'ar da abin ya faru. Husufin wata abu ɗaya ne, yana faruwa a lokaci ɗaya ga duk wanda ke ganin watan. Da suka haɗa abin da suka rubuta, sai suka sami bambancin kimanin awa ɗaya tsakanin sa'ar Kath da ta Bagadaza. Tunda rana tana kewayo cikin awa 24 a kan digiri 360, awa ɗaya tana daidai da digiri 15, kuma wannan shi ne tazarar garuruwan biyu tsakanin gabas da yamma.

A wajen wannan lokaci ne ya yi musayar wasiƙu da wani saurayi ɗan Bukhara da ya girma da kimanin shekara bakwai, wato Ibn Sina. Ya aika masa da tambayoyi masu ƙalubalantar Aristo. Ɗaya daga cikinsu ta shafi siffar sammai: Aristo ya kafa hujja da cewa abu mai siffar ƙwai ba zai iya juyawa ba sai da wofin wuri a kewayensa, al-Biruni kuwa ya nuna cewa ƙwai yana iya juyawa a kan tsawonsa ba tare da ya bar gurbinsa ba. Shi ma ya yarda sammai a dunƙule suke, abin da ya ƙi shi ne a kafa magana ta gaskiya a kan gurguwar hujja.

Daga nan ya zauna a Jurjan, kudu maso gabashin tekun Kaspiyan, a fadar sarki Ƙabus ɗan Wushmagir. A can, wajen shekara ta 1000, ya rubuta al-Asar al-Baƙiya, littafi a kan kalandu da bukukuwan al'ummomi. A can kuma ya ƙudurta auna digiri ɗaya na doron ƙasa a filayen Dihistan, amma bai sami mataimaka da ɗaurin gindin da aikin ke bukata ba, niyyar ta kwanta. Daga baya ya koma ƙasarsu, ya zama na kusa da sarki Abul Abbas Ma'amun a Jurjaniyya, yana ba shi shawara a al'amuran mulki. A 1017 sojoji suka kashe sarkin, Sultan Mahmud na Gazna ya zo ya ci Khuwarizm, ya kwashe malamanta zuwa Gazna a ƙasar Afganistan ta yau. Al-Biruni da malaminsa Abu Nasr suna cikin waɗanda aka tafi da su. Yana da shekara 44 a lokacin.

Shekara ɗaya bayan haka yana wani ƙauye kusa da Kabul, cikin ƙunci, ba shi da ko ɗaya daga kayan awonsa. Sai ya zana rubu'in da'ira a bayan allon lissafi, ya rataya masa igiya mai nauyi a ƙasa irin ta magina, ya auna rana da shi, ya fitar da matsayin wurin.

Hujjojinsa a kan siffar ƙasa

A farkon babban littafinsa na falaki, al-Ƙanun al-Mas'udi, ya tattauna tushen da ilimin ya ginu a kai, ciki har da dunƙulewar ƙasa. Hujjojin sun zo masa daga magabata, musamman Batlamus, ya tace su ya ƙarfafa su da abin da shi kansa ya gani. Kowace daga cikinsu, mu da muka baro ƙasar Hausa muka zauna a Jidda muna da shaidarta a rayuwarmu.

Ta farko ita ce saɓanin lokaci tsakanin gabas da yamma. Da ƙasa a shimfiɗe take, da rana ta fito wa kowa a lokaci guda, ta kuma faɗi a lokaci guda. Amma kowane Ramadan mukan sha ruwa a Jidda alhali 'yan'uwanmu a Kano da Maraɗi suna da sauran kusan awa biyu. Tsakanin Jidda da Kano akwai digiri 30 da 'yan kai daga gabas zuwa yamma, kuma lissafin da ya bai wa al-Biruni da Abul Wafa awa ɗaya shi ne ya ba mu biyu.

Ta biyu ita ce canjin taurari ga mai tafiya kudu ko arewa. Tauraron arewa, wanda ba ya gusawa daga wurinsa, yana ƙara ɗagawa sama gwargwadon yadda mutum ya nausa arewa, taurarin kudu irin su Suhailu kuma suna ƙara yin ƙasa har su ɓace. A Kano tauraron arewa yana bisa da kimanin digiri 12, a Jidda 21 da rabi, a garin da aka haifi al-Biruni ya haura 41. Kowane digiri ɗaya tafiyar kimanin kilomita 111 ce. Wannan daidaito na ƙaruwa ba ya yiwuwa sai ga mai tafiya a kan abu mai lanƙwasa.

Ta uku ita ce inuwar da ƙasa ke jefawa a kan wata lokacin husufi, wadda gefenta a zagaye yake ko da yaushe, ko da wata yana gabas, ko yana tsaka, ko yana yamma. Faifai yakan ba da inuwa zagayayya ta fuska ɗaya kawai, ƙwallo ne ke ba da ita ta kowace fuska.

Ta huɗu ita ce yadda nesa ke ɓoye gindin abu ta bar kansa. Wanda ke cikin jirgin ruwa kan dutse yake fara gani kafin gindinsa. Duk wanda ya tsaya a gaɓar Bahar Maliya ya bi jirgin kaya da ido yana fita daga tashar Jidda, zai ga jikin jirgin ya nutse wa gani tun samansa yana bayyane. Ga mutum mai matsakaicin tsawo da ke tsaye a bakin ruwa, iyakar ganinsa a kan ruwan ba ta wuce kimanin kilomita 5 ba, daga nan doron teku ya lanƙwasa ya sauka.

Awon da ya yi a Nandana

Sanin cewa ƙasa a dunƙule take mataki ne na farko, na biyu shi ne sanin girmanta. An riga an gwada wannan kafin shi. Eratostenis ya yi a Masar da inuwar rana a Iskandariyya da Aswan, fiye da shekara 200 kafin haihuwar Annabi Isa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. Halifa al-Ma'amun kuma, wajen shekara ta 830, ya tura masana zuwa filin Sinjar a arewacin Iraƙi, suka rabu biyu, wasu suka yi arewa wasu kudu, suna auna ƙasa har tsawon abin da suke dubawa a sama ya canza da digiri ɗaya. Suka dawo da mil 56, a wata ruwayar 56 da kashi biyu cikin uku, da mil irin na Larabawa. Saɓanin ruwayoyin ya dami al-Biruni, ya so ya tantance da kansa, amma irin wannan aiki yana bukatar jama'a da dukiya, shi kuwa ba shi da ko ɗaya.

Damar ta zo masa a sansanin Nandana, wani ginin tsaro a kan duwatsun gishiri na Punjab, a ƙasar Pakistan ta yau, wanda Mahmud ya ci da yaƙi. An zaunar da shi a can na wani lokaci, kafin shekara ta 1025. Kusa da sansanin akwai dutse mai tsawo, a kudancinsa kuma fili ne shimfiɗaɗɗe har iyakar gani. Sai ya ga cewa mutum ɗaya da ma'auni ɗaya zai iya yin abin da rundunar al-Ma'amun ta yi.

Ga yadda aikin yake. Da farko ya auna tsawon dutsen daga fili ta hanyar kusurwoyi, ya sami kamu 652 da ɗan ɗoriya, wato wajen mita 320. Sa'an nan ya hau ƙololuwarsa, ya saita ma'auninsa daidai da kwanciyar ruwa, ya dubi inda sama ke kamar ta haɗu da ƙasa. Da ƙasa shimfiɗa ce mara ƙarewa, da wannan mahaɗa ta tsaya daidai da idon mai kallo komai tsawon da ya hau. Amma tunda doronta yana lanƙwasa, mahaɗar takan sauka ƙasa da saitin ido, kuma saukar tana ƙaruwa da ƙaruwar tsawo. Ya auna wannan sauka ya sami kashi 34 cikin 60 na digiri ɗaya, wato rabin digiri da ɗan ƙari. Layin da ya tashi daga idonsa ya shafi doron ƙasa a mahaɗar, da layin da ya tashi daga can zuwa cibiyar ƙasa, da wanda ya dawo daga cibiya ya ratsa dutsen zuwa idonsa, sun haɗa siffa mai kusurwa uku wadda ɗaya daga kusurwoyinta a miƙe take. Kusurwar da ke cibiya daidai take da saukar da ya auna. Da wannan da tsawon dutsen, lissafi ya ba shi nisan da ke tsakanin doron ƙasa da cibiyarta: kamu miliyan 12 da dubu 800 da 'yan kai, wanda ya sa digiri ɗaya ya zama kusan mil 56.

Masu juya wannan adadi zuwa ma'aunin yau sukan sami kimanin kilomita 6,340, alhali awon zamani ya ba da matsakaicin 6,371. Kusancin abin mamaki ne, sai dai adalci ya sa a faɗi cewa hanyar tana da rauni. Kusurwar ƙarama ce ƙwarai, kuskuren kashi ɗaya cikin 60 na digiri zai iya kawar da sakamakon da fiye da kilomita 350, iska kuma tana ɗan karkatar da hasken da ke zuwa daga nesa. Shi kansa bai ɗauki awonsa ya fi na magabata ba. Ya ɗauke shi a matsayin shaida mai ƙarfafa awon al-Ma'amun, ya ci gaba da aiki da adadinsu, domin kayan awonsu sun fi nasa inganci, wahalar da suka sha kuma ta fi tasa. Bai kuma ɓoye cewa Sanad ɗan Ali ya riga shi gwada wannan hanya ba, a kan wani dutse da ke kallon teku, lokacin da ya raka al-Ma'amun yaƙin Rumawa.

Daga girman ƙasa zuwa alƙibla

A shekara ta 416 bayan Hijira, wato 1025, ya kammala Tahdid Nihayat al-Amakin a Gazna. Manufar littafin ita ce tantance matsayin garuruwa, musamman Gazna, da fitar da alƙiblarta. Wanda ke ganin Ka'aba ido ya ishe shi. Mu a Jidda, da ke da tazarar kilomita 70 da 'yan kai, sanin hanya ya kusa isar mu. Amma wanda ke nisan dubban kilomita, mafi gajeren layi tsakaninsa da Makka baka ne a kan ƙwallo, kuma ba a fitar da fuskarsa sai an san matsayin garuruwan biyu, an kuma yi lissafin kusurwoyi irin na saman ƙwallo.

Matsayin gari tsakanin kudu da arewa yana da sauƙin samu daga rana ko taurari. Na gabas da yamma shi ne mai wuya a zamanin da babu agogon da za a ɗauka daga gari zuwa gari. Masanan al-Ma'amun sun riga sun fitar da tazarar Makka da Bagadaza ta hanyar husufi. Saura ta Bagadaza da Gazna. A nan girman ƙasa ya yi masa amfani. Ya ɗauki nisan hanyoyin fatake daga zango zuwa zango, ya rage wani abu saboda kwane-kwanen hanya, ya mayar da mil zuwa digiri, ya bi ta hanyar arewa da ta ratsa Rayyu da Jurjaniyya, ya sake bi ta kudu da ta ratsa Shiraz, ya gwada sakamakon da juna. Ya sami digiri 24 da sulusi, awon yau kuwa ya ba da 24 da ɗan kaɗan. Daga nan ya fitar da alƙiblar Gazna ta hanyoyi da dama, har da mai sauƙi wadda magina za su iya zanawa a ƙasa.

Wannan ya shafe mu kai tsaye. A bakin Bahaushe gabas da alƙibla sun zama kamar abu ɗaya, har akan ce wa mai salla ya fuskanci gabas. Amma lissafin irin na al-Biruni ya nuna cewa alƙiblar Kano ta karkata daga gabas sosai zuwa arewa da kimanin digiri 22. A cikin littafin ne kuma ya lura cewa hamadar Larabawa ta taɓa zama teku, saboda ɓawon halittun ruwa da ake tonowa a cikin duwatsu idan ana haƙa rijiya.

Zamansa da masanan Hindu

Yaƙe-yaƙen Mahmud sun buɗe masa hanyar Indiya. Ya koyi harshen Sanskrit yana babba, ya zauna da malamansu, ya karanta littattafansu, wajen 1030 ya kammala Tahƙiƙ ma lil-Hind mai babi 80. Bai yi wa ubangidansa kara ba, ya rubuta cewa hare-haren sun rushe arzikin ƙasar, sun sa iliminta ya gudu zuwa Kashmir da Banaras.

A can ya tarar da irin musun da muke yi. Littattafan gargajiyarsu suna siffanta ƙasa da tsibirai da tekuna masu kewaye da dutsen Meru, masana falakinsu kuwa, irin su Brahmagupta da Varahamihira, sun tabbatar a dunƙule take. Ya kawo amsarsu ga masu cewa mutanen ɗaya gefen za su faɗo: ƙasa a ko'ina tana nufin wajen cibiya, kowane mai nauyi can yake nufa, saboda haka kowa a tsaye yake a inda yake. Ya kuma zargi Brahmagupta da cewa ya san ainihin sababin husufi, amma ya goyi bayan tatsuniyar dodon da ke haɗiye rana da wata don ya faranta wa limaman addininsu.

Game da ko ƙasa tana juyawa, ya san ra'ayin Aryabhata mai cewa tana yi, ya kuma yaba wani ma'aunin taurari da Abu Sa'id al-Sijzi ya ƙera a kan wannan ra'ayi. Ya bayyana cewa lissafin falaki yana tafiya daidai ko an ce ƙasa ke juyawa ko sama, don haka handasa kaɗai ba ta raba gardamar. A ƙarshe ya rinjayar da cewa a tsaye take, ilimin da ya zo bayansa kuma ya tabbatar da juyawarta. Abin lura shi ne yadda ya raba mas'alolin biyu: dunƙulewa ya yanke da ita domin awo ya tabbatar, juyawa kuwa ya ajiye ta a matsayin abin da ake rinjayarwa.

Matsayin malaman shari'a

Ba masana falaki kaɗai suka tafi a kan haka ba. Ibn Hazm na Andalus, wanda ya yi zamani da shi ya rasu a 1064, ya tabbatar da dunƙulewar ƙasa a littafinsa al-Fisal, ya kafa hujja da ayar Suratuz Zumar mai maganar naɗa dare da yini a kan juna. Fakhruddin al-Razi ya bayyana a tafsirinsa cewa ƙwallo idan ya yi girma ƙwarai, kowane yanki nasa shimfiɗa ne ga wanda ke kansa, don haka ayoyin shimfiɗa ba su kore dunƙulewa ba. Ibn Taimiyya ya ruwaito daga Ibn al-Munadi cewa malamai sun haɗu a kan haka. Imam al-Gazali kuma ya yi gargaɗi a gabatarwar Tahafut cewa wanda ya yi musun abin da lissafi ya tabbatar game da husufi da sunan kare addini, cutar da addinin yake yi.

A ɗaya ɓangaren, Tafsirin Jalalaini, wanda da shi ake tafsirin azumi a mafi yawan garuruwanmu, ya zo a Suratul Gashiya da bayanin Jalaluddin al-Mahalli cewa zahirin ayar yana nuna shimfiɗa, saɓanin maganar masana falaki. Daga nan da yawa daga cikinmu suka ji wannan ra'ayi, kuma ba su ƙirƙira shi ba. Sai dai a wurin nan ɗin al-Mahalli ya ƙara da cewa maganar masana falaki ba ta rushe wani rukuni na shari'a ba. Ke nan ko a wurin wanda ya rinjayar da shimfiɗa, mas'alar ba ta kai a kafirta wani ko a yanke zumunci a kanta ba.

Al-Biruni ya sha fama da masu ƙyamar ilimi saboda asalin masu shi. A littafinsa na inuwoyi, inda ya yi bayanin fitar da lokutan salla, ya ba da labarin wani ladani da ya ƙi wani ma'aunin lokaci saboda an rubuta sunayen watannin Rumawa a jikinsa. Ya amsa masa da cewa Rumawa suna cin abinci, sai ya daina ci idan gudun kama da su yake yi.

Ƙarshen rayuwarsa

Bayan rasuwar Mahmud a 1030, ɗansa Mas'ud ya girmama shi, shi kuma ya sa wa al-Ƙanun sunansa. Yaƙut al-Hamawi ya ruwaito cewa sarkin ya aika masa da azurfa kayan giwa guda, ya mayar da ita baitulmali domin ba shi da bukatarta. Kafin haka ya rubuta al-Tafhim, tambaya da amsa a kan lissafi da taurari, domin wata mace mai suna Raihana 'yar al-Hasan. A zamanin Maudud ɗan Mas'ud ya rubuta al-Jamahir a kan duwatsu masu daraja da ƙarafa, inda ya kawo nauyinsu da ya gwada da ruwa. Na ƙarshe shi ne al-Saidana a kan magunguna, wanda ya yi da taimakon wani bayan ganinsa da jinsa sun raunana. Ana ƙidaya masa littattafai kusan 146, waɗanda suka iso mu ba su wuce 20 da 'yan kai ba.

Yaƙut ya kuma ruwaito cewa wani malamin fiƙihu ya je gaishe shi yana gargarar mutuwa, sai ya tambaye shi wata mas'ala ta gadon kakanni mata. Malamin ya yi mamakin tambaya a irin wannan hali, shi kuwa ya nuna masa cewa barin duniya da sanin mas'alar ya fi barinta da jahiltarta. Malamin ya yi masa bayani, ya fita, bai yi nisa ba ya ji kukan rasuwarsa. Ya rasu a Gazna, a mafi shaharar ruwaya cikin shekara ta 440 bayan Hijira, wato 1048, wasu masana kuma suna ganin ya kai 1050.

Ilimin da ya yi wa hidima bai tsallake ƙasarmu ba. Muhammadu ɗan Muhammadu al-Fulani al-Kashinawi, masanin lissafi da taurari daga Katsina, ya yi aikin hajji, ya zauna a Hijaz, ya rasu a Alƙahira a 1741 a gidan Hasan al-Jabarti, wanda shi ma masanin falaki ne. Mu da muka biyo sawunsa zuwa wannan ƙasa muna da abin da za mu iya aika wa gida. Sau biyu a shekara rana takan tsaya daidai bisa Ka'aba: ranar 27 ko 28 ga Mayu da ƙarfe 12:18 na rana agogon Makka, da ranar 15 ko 16 ga Yuli da ƙarfe 12:27. A Jidda inuwa takan kusa ɓacewa a wannan lokaci saboda kusancinmu. A Nijeriya da Nijar kuwa ƙarfe 10:18 da 10:27 na safe ne, kuma duk wanda ya kafa miƙaƙƙiyar sanda a fili ya tsaya a kan inuwarta yana fuskantar sandar, to alƙibla yake fuskanta. Da wannan kowane mai gida zai iya duba wurin sallar iyalinsa, kowane kwamitin masallaci kuma ya duba harsashinsa kafin a ɗora bulo.

Allah ya jiƙan Abu Raihan, ya gafarta masa kurakuransa, ya saka masa da alheri a kan abin da ya bar wa al'umma. Mu kuma ya ba mu ilimi mai amfani, ya haɗa zukatanmu a kan gaskiya, ya karɓi sallolinmu. Amin.